Sabuwar mita ta riƙa ba da shaida a kan kamfanin wuta ma

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana a kan sababbin mitocin nan da ake ta yi mana albishir da su, waɗanda aka ce suna da layin waya a cikinsu, suna aika rahoto ofis ba sai an turo kowa ya karanta ba. Ni mai gyaran firji ne da aikin wayarin a Agege, kuma ni ke tara kuɗin katin wuta a gidan da nake haya. In wuta ta yi kyau na ci abinci, in ta lalace ma na ci abinci, sai dai na biyun ba ya yi mini daɗi, domin kayan talakawa ne ke ƙonewa.

Ina goyon bayan a kawo mitocin, kada wani ya ce na zo kushe. Duk wanda ya taɓa zama a gidan da ake kawo wa bil na ƙiyasi, wato a zauna a ofis a yanka maka kuɗi ko ka sha wuta ko ba ka sha ba, ba zai ƙi mita ba ko wace iri ce. Tun watan Nuwamba na 2013 da aka fara miƙa rabon wuta ga kamfanoni 11 masu zaman kansu, biyu daga ciki a nan Legas, ake ta fito da shiri bayan shiri. A 2018 aka ce ka sayi mita da kuɗinka, daga baya aka ce za a biya ka a hankali da yunit. A 2020 gwamnatin tarayya ta fara rabon mita kyauta, a shekarar kuma hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa ta sa iyaka ga abin da za a iya ƙiyasta wa wanda ba shi da mita. Duk da haka, zuwa ƙarshen 2024, cikin masu amfani da wuta sama da miliyan 13 da ke da rajista a ƙasar nan, masu mita ba su kai rabi ba. Tunda dai sauran miliyoyin nan sai an sa musu, gara a sa musu wadda za ta daɗe tana amfani. Maganata a kan wa za ta yi wa amfanin ne.

Mitar kati da muka saba da ita kurma ce kuma bebiya. Ka sayo lambobi 20, ka danna, ta ƙara maka yunit, in ya ƙare ta yanke. Ba ta gaya wa kowa komai. Sabuwar kuwa tana magana. Wata da layin waya a cikinta, wata ta kan wayar wutar kanta take aika saƙo zuwa wani akwati da ke jikin taransifoma, shi kuma ya tattara na unguwa ya tura ofis. Tana rubuta abin da ka sha lokaci bayan lokaci, tana rubuta ƙarfin wutar da ta shigo, da mintin da aka ɗauke da mintin da aka kawo. In an buɗe murfinta ta kai ƙara. Daga ofis ana iya zuba mata yunit, ana iya rage mata nauyin da za ta ɗauka, ana iya kashe ta baki ɗaya.

Ka lura da abin da ake tallatawa cikin waɗannan duka. Kullum zancen shi ne za a kama ɓarayin wuta, za a daina asara, kuɗin kamfani zai shigo. Gaskiya ne, kuma ni ba na kare ɓarawo. A sana'ata na sha buɗe silin in tarar da wayar da aka zagaye mita da ita, an ja ta kai tsaye zuwa na'urar sanyaya ɗaki ko hita, kuma ba a gidajen matalauta kaɗai ba, manyan gidaje ma sun fi iya ta. Wanda ya saci wuta maƙwabcinsa marar mita ya sata, don a kansa za a raba gibin. A kama su. Amma na'urar da ta iya ganin na taɓa murfinta da ƙarfe biyun dare ta iya ganin an ɗauke wuta tun la'asar ba a dawo da ita ba. Wannan rabin labarin ne ba na jin ana yi, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro.

Tun 2020 aka kasa mu rukuni-rukuni bisa yawan awannin wuta: rukunin A, wanda kowa ke kira Band A, aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, daga abin da bai kai naira 70 ba, daga baya aka ɗan rage zuwa sama kaɗan da 200. Hujjar ita ce mai samun awa 20 ya biya cikakken kuɗi. Hukuma ta kuma ce in layi ya kasa cika alkawarinsa kwana biyu a jere kamfani ya fito ya yi bayani, in ya kai kwana bakwai a sauke layin zuwa rukunin da ya dace da shi. Doka ce mai kyau a takarda. To amma a ina ake ƙirga awannin? A kan babban layin da ke fitowa daga tashar rarrabawa, wanda ma'aikata ke kira fida. Tsakanin fida da soket ɗin ɗakina akwai taransifoma, akwai fis ɗinta, akwai wayoyin kan turaku da suka tsufa suna lilo. Fida na iya kwana da wuta awa 24 alhali fis ɗaya ya ƙone a taransifomar layinmu, gidajen da ke kan wannan waya suna cikin duhu, na tsallaken titi suna kallon ƙwallo. A littafin ofis an ba mu wuta. A kuɗin kati mu 'yan rukunin sama ne. Wa zai tsaya mana shaida?

Akwai ma abin da ya fi ɗaukewar ciwo. Wata hajiya a bayan layinmu tana sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, da firiza biyu take riƙe da marayu. Ta aiko a kira ni da magariba, ta ce, "Malam, zo ka ji, ga wuta amma injin sai kuka yake." Na tarar ƙwan ɗakin ya yi ja kamar zai mutu, fanka na juyawa da ƙyar. Kwamfiresa ta yi gurnani na ɗan lokaci, sai ka ji ƙas, ta saki, ta huta, ta sake gwadawa. Na ɗora hannu a bayanta, zafi ya hana ni daɗewa. Da na sa abin awo a soket, wutar da ya kamata ta zo 230 tana yawo wajen 150. Na ce, "Hajiya, zare su duka yanzu, gara ƙanƙarar ta narke da injin ya ƙone." Ta ce, "To ai mita tana ci." Haka ne, tana ci. Wannan awannin, da ba su daskarar da ko leda ɗaya ba, suna cikin awannin da ake ƙirgawa an ba ta. Irin wannan wutar ce ke kawo mini yawancin kwamfiresocin da nake canzawa, don injin da bai samu ƙarfin tashi ba jan wuta yake yi fiye da kima har wayar cikinsa ta gasu. Sabuwar mita tana auna wannan kowane lokaci, tana ajiyewa. Abin da ya rage shi ne wa aka yarda ya gani.

A kasuwar Mile 12, ko a kowace kasuwar hatsi ta Arewa, mudu a gaban mai saye da mai sayarwa ake cika shi, ba a kai shi bayan rumfa a auno a kawo maka. Abin da nake nema ke nan a rubuta cikin ƙa'idar mitocin tun kafin a sayo su: awannin da wuta ta zo gidana, da awannin da ta zo ba ƙarfi, in iya ganinsu a jikin mitar ko a wayata, kuma kwafin wannan lissafi ya tafi wurin hukuma kai tsaye, ba sai ya bi ta hannun kamfanin da ake ƙara ba. In wata ya ƙare lissafi ya nuna ba a cika alkawari ba, a mayar mini da bambancin a yunit ba tare da na rubuta takarda ba. Na'urar da ke iya cire bashi daga katin da na saya, ba ta nemi izinina ba, ba za ta gaza mayar da rara ba. Kuma a sa mita a jikin kowace taransifoma. Da ita za a san abin da ya shiga unguwa da abin da gidaje suka sha, a gano inda ake sata ba tare da an yi wa kowa kuɗin goro ba, a kuma ga taransifomar da aka ɗora wa gidajen da suka fi ƙarfinta tun kafin ta fashe a zo ana bin mu karo-karo.

Wani zai ce zancen ƙa'ida na injiniyoyi ne, me ya kai mai gyaran firji? Watan Nuwamban 2024 ya kai mu duka. Tsarin lambobi 20 ɗin nan daga Afirka ta Kudu ya samo asali, sunansa STS, kuma a cikin kowane kati akwai wata lamba da ke ƙirga mintoci tun daga 1 ga Janairun 1993, don kada a loda kati ɗaya sau biyu. Gurbin da aka ware wa ƙirgar yana ɗaukar minti miliyan 16 da dubu ɗari bakwai da wani abu, wato kusan shekara 32, sai ya cika ranar 24 ga Nuwamba, 2024. Duk mitar da ba a sabunta ba za ta daina karɓar sabon kati. Maganin shi ne a ba ka wasu lambobi kashi biyu, 20-20, ka danna su bi da bi, sannan ka loda katinka. A makonnin ƙarshe shagona ya koma ofishin danna lamba. Dattijo zai zo da takarda a naɗe cikin hula, ya ce, "Ɗana, taimaka mini, idona ba ya gani." Mu je gidan, mitar na can sama a lungun matakala, in hau kujera da tocilar waya a baki, jikansa na karanto lamba, in an yi kuskure ɗaya a koma farko. Wasu sun manta da tsohon kati a aljihu ba su loda ba kafin sauyin, mita ta ƙi shi. Wasu tsofaffin mitocin ma sam ba su karɓi sauyin ba, sai da hukumomi suka fito suka ce canza mitar da ta tsufa nauyin kamfani ne ba na mai gida ba.

Darasi biyu na ɗauka. Da mitocin masu magana ne, da daga ofis za a aika sauyin cikin dare ba wanda ya hau kujera. Na biyu kuma, shawarar da wasu suka yanke a wani ɗaki a 1993 ita ce ta tayar da tsofaffin Agege tsaye bayan shekara talatin. Abin da za a rubuta yau a ƙa'idar sababbin mitoci haka zai bi 'ya'yanmu. Sabuwar ƙirgar ma daga 2014 ta fara, za ta cika a 2045, mai rai zai gani.

Ingila ta riga mu yin tuntuɓe a nan. Kashin farko na mitocin zamani da suka sa, da yawa in mutum ya canza kamfanin da ke sayar masa da wuta sai mitar ta daina aika rahoto, ta koma kamar tsohuwa, domin sabon kamfanin ba ya jin yarenta. Sai da suka fito da kashi na biyu mai ƙa'ida ɗaya, suka kuma yi ta aikin haɗa na farkon da cibiya guda. Mu ma muna kan wannan hanyar in ba a kula ba. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kula da kasuwar wutarsu, Legas ta yi tata dokar a ƙarshen 2024 ta kafa hukumarta, kuma manufar ita ce a samu masu sayar da wuta da yawa. Idan kowane kamfani ya je ya sayo mitar da kwamfutarsa kaɗai ke ji, ranar da unguwa ta koma hannun wani sai a ce mu sake sayen mita. Akwai ƙa'idar duniya ta yadda mita ke magana da ofis, wadda ake kira DLMS, kuma muna da hukumar NEMSA mai gwada mita, tana da wurin gwaji a nan Oshodi. Kada gwajin ya tsaya ga ko mita na ƙirga daidai. A gwada ko mitar wannan masana'anta za ta yi magana da kwamfutar wancan kamfani, kuma mabuɗan sirrin mitocin su kasance a inda hukuma ke da iko da su, kada ɗan kwangila ya tafi da su ranar da aka ɓata.

Sai gidajen haya, inda yawancinmu 'yan Arewa muke a Legas. Gida ɗaya, ɗakuna a jere suna kallon juna, mita ɗaya. Ni ke bi ɗaki-ɗaki ina karɓar kuɗi, kuma ba abin da ke haɗa maƙwabta faɗa kamar wannan. Mai ƙwai ɗaya da fanka ya ce ba zai biya daidai da mai firji ba, mai firji ya ce ai tela na kwana yana guga, tela ya ce a leƙa ɗakin amarya a ga abin dafa ruwa. Mun sa ƙananan mitoci na kasuwa a wasu ɗakunan, amma ba wanda ya gwada su, kuma jimillarsu ba ta taɓa yin daidai da babbar ba. Masu tsara ƙa'ida suna zana gida ne irin na Lekki, iyali ɗaya ƙofa ɗaya. Ya kamata a amince da akwati ɗaya mai ɗauke da ƙananan mitoci gwadaddu, kowane ɗaki da asusunsa, ɗan haya ya saya wa kansa ko na naira dubu ne. Bashi kuma ya bi wanda ya ci, ba bango ba. Mutum ya kama ɗaki yau, ya sayi kati gobe, ya ga an zaftare wani kaso saboda bashin wanda ya tashi shekarun baya, wannan ba adalci ba ne, kuma mita mai asusu da sunan mutum ta isa ta raba gardamar.

Yankewa daga nesa ita ce ke ba ni tsoro. Da can in masu tsani suka zo, kana ganinsu, kana iya nuna rasit, dattawan layi su sa baki. Na san ta nan cin hanci ya shiga, kuma rufe wannan ƙofar alheri ne. Amma yanzu kwamfuta ce za ta yanke, kuma mita kan ɗauka an taɓa ta alhali ruwan sama ne ya shiga akwati, ko tsatsa ta ci murfi, abin da duk mai zama kusa da teku ya sani. A rubuta cewa ba za a kashe gida bisa zargi ba sai an aika gargaɗi an ba da kwanaki, kada a kashe da dare ko ranar da ofis ke rufe, in kuma bincike ya nuna kuskuren na'ura ne a kunna nan take a biya diyya. Saƙon gargaɗin ya zo ta ƙaramar waya, ba sai mai intanet ba, kuma ya zo da Hausa da Yarbanci da Turancin buroka. Mai sayar da albasa da ya haddace Alƙur'ani amma bai yi boko ba shi ma kwastoma ne. Haka nan lissafin da ke nuna lokacin da gida ke cin wuta yana nuna lokacin da ba kowa a gidan. Muna da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, a faɗa ƙarara cewa ta hau kan wannan.

Masu sola ma a tuna da su. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 janareta ya gagari mutane da yawa, faranti sai ƙaruwa suke a kan rufi. Wasu mitocin kati in wuta ta koma baya daga gida zuwa layi sai su ci yunit kamar sha aka yi, ko su kulle. Mitar da za a sayo yanzu ta iya ƙirga shiga da fita daban-daban, ko da ba a fara sayen rarar wutar gida ba tukuna.

Ban ce mita za ta haifar da wuta ba. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana raba abin da ke yawo tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000, tashar samar da wuta ta Egbin da ke kusa da Ikorodu, mai megawat 1,320, ba kullum injinanta shida ke aiki duka ba, babban layin ƙasa kuma ya faɗi sau da dama a 2024, ban da duhun da 'yan'uwanmu na Arewa suka sha a Oktoban shekarar bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. Na'urorin da ke ware wurin da ya lalace su bar sauran unguwa da wuta, da waɗanda ke nuna wa cibiyar kula da babban layin ƙasa da ke Osogbo halin da layuka ke ciki nan take, duk ana buƙatarsu, na bar wa masana. Abin da na sani shi ne ko ƙarancin ma in an san lokacinsa ana iya zama da shi. Afirka ta Kudu da ta shiga matsalar wuta jadawali take fitarwa, kowa ya san awar da za a ɗauke a unguwarsu. Mai ƙanƙara da ta san wuta za ta zo goman dare zuwa asuba ta san lokacin da za ta ɗaura ruwa a leda.

Ina kira ga hukumar wutar Jihar Legas, kafin ta sa hannu a kan kowace ƙa'idar mita, ta fito da daftarin a fili, ta yi zaman jin ra'ayi a wajen otal-otal na Ikeja da tsibiri. Ta zo Agege, ta je Mile 12 da Alaba Rago da Idi-Araba, da tafinta. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni kuma su tura matasanmu da suka karanta lantarki su zauna a wurin da takarda a hannu, su nemi a nuna musu layin da ya ce mai gida zai ga awanninsa da ƙarfin wutarsa, da layin da ya ce za a mayar masa da yunit in an gaza. In babu su a daftarin, su ce a sa kafin a tashi.

Na gode da fili.

Naka,
Mai gyaran firji,
Agege, Legas